Shagon mai keke na wajen Kawo, da fitila da danja da hular kwanon da na saya wa yarona

Salamu alaikum jama'a. Tun kwanaki nake son rubuta wannan abun amma nace bari in bar kayan su sha ruwan sama su sha ƙura tukunna, don bana son in yabi abu yau gobe ya lalace, wani ya je ya zuba kuɗinsa saboda maganata. Yanzu wata biyar kenan, mun saya a cikin Agusta ana tsakiyar damina, gashi mun shigo hunturu har hazo ya sauko, to inaga yanzu zan iya magana da bakina ɗaya. Kuma keken da nake nufi keke ne na feda fa, ba napep ba, don nasan a Kaduna da kace keke hankalin mutane can yake tafiya.

Mu a Hayin Banki muke. Babban yarona shekararsa 15, boko da safe, da yamma kuma hadda sai bayan isha'i suke tashi. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin napep ɗin yaran nan ya fara cin rabin abun da nake warewa na cefane, zuwa da dawowa sau biyu a rana, ga ƙannensa suma, sai nace gara in lallaɓa in sayo masa keke na gwanjo ya huta in huta. Na sayo, yayi murna, ni kuma daga ranar ban ƙara duba keken nan ba, in dai naji ƙarar shigowarsa zaure to shikenan.

Abun da ya tashe ni tsaye wani dare ne muna dawowa daga cikin gari a motar wani abokin aikina, kan titin Ali Akilu mun doshi Kawo, ana yayyafi, gilashi duk ruwa, fitilun motocin ɗaya hannun suna dukan ido. Kawai sai naji ya taka birki da ƙarfi har goshina ya kusa haɗuwa da gilashi, yana salati ina salati. Yaro ne akan keke, riga baƙa wando baƙi, ba fitila ba komai, kuma tahowa yake yana fuskantarmu ta gefen titi. Wallahi ni da nake zaune a gaba idona akan titi ban ganshi ba sai da yazo daidai hancin motar. Allah ya tsare ba'a taɓa shi ba, ya kauce ya wuce abunsa, ƙila ma bai san abun da ya kusa faruwa ba. Ba ɗana bane amma tsayinsu ɗaya. Har muka iso gida jikina bai daina rawa ba.

Ina shiga na ɗauki tocilan na haska keken yarona a zaure. Ba fitila, ba danja a baya, ƙararrawa ta karye sai gindinta, na matsa birkin baya naji hannun ya tafi har ƙarshe ba abun da ya kama. Nace kai da me kake tsayawa? Yace Abba na gaban yana ɗan kamawa, in kuma gangara ce sai in sa ƙafa. Na ɗaga silifas ɗinsa na dama, dugadugin ya cinye ya zama kamar faifai. Wannan silifas ɗin har yau yana raina.

Washegari Asabar muka tura keken zuwa shagon da wani maƙwabcina ya kwatanta min, can wajen Kawo ta bayan tasha. Ba wani babban waje bane, kwantena ce da rumfar kwano a gaba, ba allo, tayoyi da tiyub a rataye, ga baho na baƙin ruwa da suke tsoma tiyub su nemo inda ya huje, yara biyu masu koyon aiki, sai mai shagon wani dattijo mai furfura da tabarau ɗaure da zare. Muka gaisa nace Baba fitila nazo saye da danja. Bai ce min komai ba ya karɓi keken ya kifa shi akan sirdi, ya juya tayar baya da hannu ya matsa birki, taya ta ci gaba da juyawa abunta. Ya kalle ni ta saman tabarau yace Malam fitila ai bata tsayar da keke, bari mu fara da wannan. Daga nan nasan nazo inda ya kamata.

Ya canza robar birki gaba da baya, ya canza wayar birkin baya don ta yi tsatsa ta fara tsinkewa silli silli a ciki, ya ɗaure sifok guda uku da suka saki wanda shi yasa wilin yake rangaji, ya wanke sarƙa da kananzir yasa mai, ya ɗaga sirdin kaɗan yace yaron ya fi keken tsayi gwiwarsa tana shan wahala. Duk yana yi yana nuna wa yaron da hannu, yace kullum da safe kafin ka hau ka tura keken ka matsa birki ɗaya bayan ɗaya, in taya bata tsaya cak ba kar ka hau. Aikin ya ɗauki wajen awa ɗaya da rabi kuma abun da ya karɓa na aikin hannu gaskiya bai kai abun da nake tsammani ba, kayan ne suka ci kuɗi.

To bari in zo kan kayan.

Fitilar gaba irin mai cajin nan ce da wayar USB, fari take haskawa, tana da haske mai ƙarfi da mai sauƙi da kuma mai ƙiftawa. Hasken ba laifi, a layinmu da ba fitilar titi yana ganin rami da kwata tun kafin ya iso. Amma awowin da aka rubuta a kwali kar ku yarda dasu, in a mai ƙarfi aka barta dare uku take yi masa na dawowa daga hadda sai ta fara ja baya, a mai sauƙi kuma tana kusan sati. Da yanayin wutarmu sai da na ware mata fawa bank. Tana da wani ɗan murfin roba a bakin caji, in ba'a toshe shi da kyau ba ruwa yana shiga, sau ɗaya ta yi mana haka muka shanya ta kwana biyu ta dawo. Baba ya nuna mana a ɗan sunkuyar da kanta ƙasa, don in ta miƙe cikin idon mai tahowa kashe masa ido take yi, kaga an gudu ba'a tsira ba. Kuma yaron cire ta yake yi ya sa a jaka in ya isa makaranta, da roba ake ɗaura ta, wanda yaga dama cikin daƙiƙa zai zare.

Danjar baya, ja, itace ta fara bani haushi. Ta farko sati uku tayi, aka yi wani ruwa mai ƙarfi ta mutu murus. Na koma da ita raina a ɓace ina shirin musu don ba rasit aka bani ba, amma Baba ya karɓa ya jijjiga ta a kunne yaji ruwa, ya ɗauko wata iri daban ya ɗaura bai karɓi ko sisi ba, yace wancan kwalin duk haka suka yi ya daina saro su. Wannan ta biyun har yau tana aiki. Naji daɗin yadda ya yi min, amma dai da an gwada kaya kafin a sayar da ban yi zuwa biyu ba, kuma kwana huɗun da yaron yayi ba danja kafin in samu lokacin komawa ni kaɗai nasan yadda na yi su.

Abun da yafi komai arha kuma yafi komai amfani shine rigar nan mai ƙyalli, ruwan ɗorawa mai ratsin azurfa irin ta ma'aikatan titi. Daren da muka saya na roƙi maƙwabcina ya kunna fitilar motarsa a bakin layi, na tura yaron can ƙarshe ya taho a hankali. Da kayan gida, sai da ya iso wajen falwaya ta farko daga inda muke sannan muka gane mutum ne. Da ya saka rigar kuwa tun daga falwaya ta huɗu ratsin nan ya ɗauki haske kamar an kunna masa wuta a jiki. Maƙwabcin nawa da yake direba ne shekara da shekaru shiru yayi, can yace a sayo wa nasa yaran. Ku lissafa da kanku, motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a duk daƙiƙa ɗaya, kafin direba ya gane abun da ya gani ya ɗaga ƙafa ya kai kan birki ta riga ta ci tazara mai yawa, to falwaya ukun nan da suka ƙaru sune ran yaro.

Sai dai fa yaron ƙin sakawa yayi bayan kwana biyu. Na matsa masa yace abokansa suna tsokanarsa suna kiransa Kastiliya, wato jami'an kula da titi na jihar Kaduna. Ban yi masa faɗa ba don nasan shekarun, kunyar abokai ta fi musu tsoron mota. Na faɗa wa Baba, yayi murmushi yace duk haka suke, ya ɗauko wani tef mai ƙyalli ya manna a madigadin baya da gefen feda da jikin kariya, ya yanko min ƙyallen ratsin yace in kai wa tela ya ɗinka a bayan jakar makaranta, ya kuma bashi wani ɗan maɗauri na idon sawu wanda yake riƙe ƙafar wando kar sarƙa ta ci, shima mai ƙyalli ne, kuma da yake ƙafa sama da ƙasa take yi direba yana saurin gane mai keke ne. Wannan dabarar ta yi aiki. Rigar yanzu sai in dare yayi sosai ko ana hazo yake sakawa, amma jaka kullum tana bayansa.

Hular kwano anan ne shagon ya gaza gaskiya. Guda biyar na tarar, huɗu na gwanjo ne, da na juya cikinsu biyu soson ya tsage. Hular keke ba kamar hular gini bace, farin soson nan na ciki shine yake murƙushewa ya shanye bugu, kuma sau ɗaya yake yin wannan aikin, in ta taɓa buguwa da ƙarfi ta gama amfani ko da wajenta yana sheƙi. To ta gwanjo waye ya san abun da ta gani a can inda ta fito? Na faɗa wa Baba haka, bai musa ba amma yace mutane basa iya sayen sabuwa. Na gane uzurinsa amma ban yarda a sayar da mai tsagewa ba ko a nawa ne. Sabuwar guda ɗaya muka ɗauka, ita kaɗai ta kusa cin kuɗin sauran kayan duka, Allah yasa tana da abun juyawa a ƙeya ta zauna masa daidai, yatsa biyu sama da gira, igiyar haɓa a ɗaure. Ta ƙananan yara babu ko ɗaya, wanda yake nema wa ɗan firamare sai ya shiga cikin gari. Ƙararrawa kuma ba abun cewa, ta ƙarfe ce irin ta da, tana ƙara.

Amma in aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya biya ni zuwa shagon nan, to hirar da Baba yayi da yaron ce yana ɗaure sifok. Ya tambaye shi ta wane hannu kake bi? Yaron yace in titi ya cika yakan bi ta hagu yana kallon motoci don yaga abun da yake tahowa. Kunji fa, irin na yaron da muka kusa bugewa, kuma ni ubansa ban sani ba. Baba yace yana yaro aka canza hannu a ƙasar nan, a 1972 kenan da aka koma tuƙi ta dama, kuma tun lokacin keke ta dama yake bi tare da motoci don shima abun hawa ne. Mai tafiya a ƙasa shine in ba hanyar ƙafa zai bi ta hagu ya fuskanci mota, mutane sai suka haɗa biyun suka cakuɗa. Ya ajiye sifana ya kwatanta da hannu, yace direban da zai fito daga layi ya hau titi hagunsa yake kallo don daga nan mota take zuwar masa, kai kuma ka ɓullo masa ta dama inda bai sa ido ba. Ni kuma da na zauna na lissafa, mota tana 50 kai kana 15, in hanya ɗaya kuke bi bambancinku 35 ne, in kuwa gaba da gaba ne 65 kenan. Wan-we ɗin nan da muke gani kamar wayo ne, 'yan acaba suna yi masu keke suna yi masu baro suna yi, ba ƙaramin ganganci bane.

Ya kuma ja masa kunne akan manyan motoci, yace in baka ga fuskar direban tirela a madubinsa ba to shima bai ganka ba, kar ka kuskura ka kutsa ta gefen damansa in zai sha kwana, bar shi ya wuce ko minti nawa ne. Ni dai na ƙara da nawa, na hana shi hawa bayfas ɗin Nnamdi Azikiwe kwata kwata, ko aike ne ta wajen Kurmin Mashi ko Mando gara in bashi kuɗin mota. Napep ma abun tsoro ne ga mai keke, da fasinja ya ɗaga hannu zai yanko gefe ya tsaya ba sigina ba komai.

Mu masu tafiya a ƙasa ma sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Tunda aka faɗaɗa titunan garin nan aka buɗe sabuwar gadar Kawo a 2022 mota ta samu wajen gudu, amma tsallakarmu tana nan irin ta da. Mutum zai sauka daga bas ya zagayo ta gabanta ya faɗa titi, direban da yake wucewa ta gefe baya ganinsa sam. Wani waya a kunne, wani iyafis ciki biyu ana masa hon baya ji, wani ya haura shingen tsakiya da babbar riga, inda akwai gadar tsallakawa ma sai kaga mutane a ƙarƙashinta suna tsere da mota. Bayan isha'i in an taso daga masallaci ko islamiyya zaka ga yara da mata da dogayen hijabai masu duhu a gefen titi, ba laifin hijabin bane ko kaɗan, amma ko tocilan waya aka kunna a hannu ya isa direba ya ankara. Uwa tana riƙe da yaro sai kaga yaron ne ta ɓangaren mota ita tana ta ciki. Kuma ba ina wanke direbobi bane, da yawansu ganin mai keke suke kamar bashi da haƙƙi a titi, su matse shi har kwata. Hukumar lafiya ta duniya a rahotonta na 2023 tace kusan mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a titi duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma haɗarin titi shine yafi komai kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Shekarun 'ya'yanmu kenan. Na sa wa yaron 122 a wayarsa, lambar 'yan kiyaye haɗurra ce ta gaggawa, Allah yasa kar ya taɓa buƙatarta.

Akwai abu biyu da suka rage min a rai game da shagon. Na farko kekunan da ake gyara jere su suke a bakin hanya har sun cinye wajen wucewar mutane, dole mai tafiya ya sauka kan kwalta ya zagaye, kuma waje ne da napep suke yawan tsayawa. Na yi wa Baba magana cikin ladabi yasa yara suka ja su ciki, da na dawo bayan sati uku sun koma inda suke. Abun ya dame ni don mutumin da ya san titi irin haka bai kamata ƙofarsa ta zama wajen tura mutane gaban mota ba. Na biyu aikin yaransa ba kamar nasa bane. Ran da muka kai faci baya nan ya tafi jana'iza, ɗaya daga cikinsu ya mayar da tayar gaba bai ɗaure noti ya kamu ba, sai a gida naga tana girgiza na ɗaure da kaina. In zaku je ku tabbatar shi yana nan, ko ku tsaya akan aikin ku gwada komai kafin ku bar wajen. Farashi ma ba a rubuce yake ba sai an yi ciniki, kuma yafi son kuɗi a hannu akan taransifa.

Duk da haka can zan ci gaba da kai keken, kuma maƙwabta uku na tura sun dawo suna godiya. Ku je da safe kafin azahar don da yamma cika yake, kuma ku je da yaron da kansa kar ku aika keken kawai, maganar da zai ji daga bakin dattijon nan ta fi shigarsa akan wadda muke yi a gida. Ranar Juma'a daga sha biyu yake rufewa sai bayan la'asar.

Jiya hazo yayi yawa har fitilar masallacinmu da ƙyar ake hangowa, na fito ƙofar gida wajen tara saura ina jiransa, can na hango farin haske yana tahowa ta hannun dama a hankali, da ya juya zai shiga zaure naga jar danjar tana ƙiftawa da ratsin jakar. Ƙanwarsa da take tafiya islamiyya a ƙasa ita ma tace a ɗinka mata irinsa a jakarta, na riga na karɓo ƙyallen a wajen Baba, tela yace in zo ranar Alhamis.